Jan Linzamin Ƙirƙirarriyar Basira Wajen Gina Shafukan Intanet da Masu Buƙata ta Musamman Za Su Iya Amfani da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda maginin manhaja zai ja linzamin mataimakan rubuta kod masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, irin su GitHub Copilot da Cursor da Claude Code, har su gina masa fuskar shafin intanet wadda makaho da kurma da mai shanyewar hannu za su iya amfani da ita. Ta nuna cewa mataimakin ya yi koyo ne daga shafukan da mafi yawansu ba su cika ƙa'ida ba, saboda haka idan aka sakar masa mara sai ya maimaita kurakuran da ya gada. Daga nan ta kawo matakai huɗu na riƙe shi: rubuta masa dokar gida, tsara umarni a kan abin da mai amfani zai yi, mayar masa da sakamakon gwajin na'ura, da kuma gwajin hannun mutum. A ƙarshe ta taɓo abubuwan da suka keɓanci shafukan da aka rubuta da Hausa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016 wani makaho a jihar Kalifoniya ta Amurka, Guillermo Robles, ya maka kamfanin Domino's a kotu. Abin da ya haɗa su, in an ji shi da farko, bai taka kara ya karya ba: fiza ya so ya saya ta intanet, sai manhajar da ke karanta masa allo ta kasa gane kan shafin kamfanin, haka ma manhajarsu ta waya. Kamfanin ya kafe cewa dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ba ta fayyace yadda shafin intanet zai kasance ba. A watan Janairun 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta shafi shafin, tunda ta nan abokan ciniki ke kaiwa ga shagunan kamfanin. A watan Oktoba na shekarar kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙorafin da kamfanin ya kai gabanta.

Shafin da ya tsaya wa Robles a gaba mutane ne suka zauna suka rubuta shi layi bayan layi. Yau aikin ya sauya hannu. Tun da GitHub ya fito da Copilot a 2021, ChatGPT kuma ya biyo baya a ƙarshen 2022, magini kan faɗa wa na'ura abin da yake so da maganar yau da kullum, ita kuma ta zubo masa ɗaruruwan layukan kod kafin shayinsa ya huce. A watan Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana wani salon aiki da ya yi tashe nan da nan: mutum ya riƙa ba da umarni yana karɓar abin da aka miƙo masa ba tare da ya karanta kod ɗin ba. Shi kansa ya ce salon ya fi dacewa da ƙananan ayyukan ƙarshen mako, amma jama'a sun ɗauke shi sun kai shi kasuwa. In dai shafi ya buɗe ya yi kyau a ido, an gama.

Nan gizo yake saƙar, domin akwai masu shiga shafi da kunne ko da madannai kaɗai. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me magini zai yi don mataimakinsa ya tuna da waɗannan mutane?

2.0 Waɗanda Ake Bari a Bakin Ƙofa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Hukumar ta kuma ce aƙalla mutum biliyan 2.2 na da matsalar gani, ta kusa ko ta nesa. A Nijeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta makafi miliyan 1.13 a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, yanar ido kuma ita ce kan gaba wajen haddasa makantar.

Makaho yana shiga intanet ne da manhajar karanta allo. Akwai JAWS ta Windows da ta fito a 1995, akwai NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006 suke rabawa kyauta, akwai VoiceOver a na'urorin Apple, sai TalkBack a wayoyin Android. Dukansu ba da launi ko ado suke aiki ba. Kod ɗin da ke ƙarƙashin shafi suke bi, su faɗa wa mai sauraro cewa wannan kanu ne, wannan mahaɗi ne, wannan gurbin rubutu ne. Gogaggen mai amfani ba ya jiran a karanta masa shafi daga sama har ƙasa. Tsalle yake yi daga kanu zuwa kanu, kamar yadda mai ido ke leƙa kanun jarida kafin ya zaɓi labari.

Ba makafi kaɗai ba. Wanda hannunsa ke rawa ba ya iya saita ɓeran kwamfuta, da madannin Tab yake zagaya shafi. Kurma yana buƙatar rubutu a ƙasan bidiyo. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai gane kuskuren da aka nuna da jan launi kawai ba. Mai farfaɗiya kuwa, hoton da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya na iya tayar masa da ciwo.

A ƙaddara wani malami makaho a Kano a farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Ya buɗe shafin biyan kuɗi, ya shafa allo da yatsa, wayar ta ce masa "maɓalli". Ya shafa gaba, ta ce "maɓalli". Ya ƙara shafawa, ta sake cewa "maɓalli". Ɗaya na turawa ne, ɗaya na fasawa, ɗaya na komawa baya, amma wanda ya gina shafin hotuna kawai ya ɗora musu bai ba su suna ba. Abin da ya rage wa malamin shi ne ya miƙa wa wani wayar, ya raɗa masa lambar sirrinsa. Kalmomi uku da ba a rubuta a cikin kod ba sun tona asirin aljihun dattijo.

3.0 Ma'aunin da Ake Aiki da Shi

Ba da ka ake wannan aiki ba, akwai ma'auni. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da kundin WCAG na farko a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, sai na 2.2 a watan Oktoban 2023. Kundin ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu: a iya riskar abin da ke shafi ta gani ko ji ko taɓawa, a iya sarrafa shi, a iya fahimtarsa, kuma ya yi aiki da na'urori iri-iri. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, na tsakiyar kuma shi dokoki suka fi nema.

Amfanin kundin ga mai aiki da ƙirƙirarriyar basira shi ne yawancin sharuɗɗansa ana iya auna su. Bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Rubutu ya iya ninkuwa zuwa kashi 200 cikin ɗari ba tare da wani abu ya ɓace ba. Shafi ya shiga allo mai faɗin fiksel 320 ba sai an ja shi hagu da dama ba. Wurin dannawa kada ya gaza fiksel 24 tsawo da faɗi, sai in an ba shi isasshen fili a gefe.

Dokoki ma sun fara tsaurara. A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta wajabta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi bin WCAG 2.1 a matakin AA. Dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta shafi cinikin intanet da bankuna da littattafan lantarki, ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025. Matashin da ke zaune a Kaduna ko Yamai yana gina wa ɗan kasuwar Jamus shafi, shi ma zancen ya iso ƙofarsa. A gida kuwa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu a watan Janairun 2019, dokar da ta kafa hukumar kula da su ta ƙasa.

4.0 Makarantar da Mataimakin Ya Yi

Mataimakin rubuta kod ya koyi sana'arsa ne daga tarin kod ɗin da mutane suka rubuta suka baza a intanet. To wane irin kod ne a can? Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah tana auna shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya da aka fi ziyarta, kowace shekara tun daga 2019. A rahotonta na 2024, kashi 95.9 cikin ɗari na shafukan suna da kuskuren da na'ura ta iya ganowa, kowane shafi kuma na ɗauke da kuskure kusan 57 idan aka raba daidai. Kurakurai shida ne suka mamaye lissafin: rubutu mai dushi-dushi, wanda aka samu a kashi 81 na shafukan, hoto marar bayani, a fiye da rabinsu, gurbin fom marar suna, a kusan rabi, sai mahaɗi marar suna, maɓalli marar suna, da rashin faɗin harshen da aka rubuta shafi da shi.

Wannan ita ce makarantar. Kamar yaron magini ne da ya yi shekaru yana bin ubangidansa, gidaje dubu ya ga an gina da matakala a bakin ƙofa, 'yan kaɗan ne aka yi wa gangaren da keken guragu zai hau. Ya san yadda ake gangaren, ya taɓa gani, in an ce ya yi zai yi shi tsaf. Amma in aka ce masa gina gida kawai, matakala zai dasa.

Maɓalli ya isa misali. A harshen HTML akwai alamar button da aka tanada domin wannan aiki. Burauza ta san ta: madannin Tab yana tsayawa a kanta, Enter da Space suna danna ta, manhajar karanta allo tana kiranta maɓalli. Akwai kuma alamar div, akwati ne kawai marar ma'ana. Maginan da ba su damu ba kan ɗauki div su shafa masa launi, su lanƙwasa masa kusurwa, su ce in an danna shi ya yi kaza. A ido ba bambanci. Amma Tab zai tsallake shi, makaho kuma ba zai san cewa abin dannawa ne ba. Irin wannan kod ya cika intanet, shi ya sa yakan fito daga hannun mataimakin.

In aka ce masa ya gyara, wani lokaci sai ya wuce gona da iri, ya yi ta liƙa alamomin ARIA a kowane lungu. ARIA wasu ƙarin alamomi ne da W3C ta tanada don bayyana abin da HTML bai da sunansa, kuma ƙa'idarta ta farko ita ce kada a taɓa ta muddin akwai alamar HTML da ke yin aikin. Dalili shi ne ARIA alkawari ce kawai. In aka rubuta wa akwati cewa shi maɓalli ne, manhajar karanta allo za ta gaskata ta sanar, amma madannai ba za su yi aiki a kansa ba sai an rubuta musu kod daban. Rahotannin WebAIM sun sha nuna cewa shafukan da ke da ARIA sun fi marasa ita yawan kuskure idan aka kwatanta.

Laifin ba na na'ura kaɗai ba ne. Peya Mowar da abokan aikinta na Jami'ar Carnegie Mellon sun gabatar da wani bincike a taron CHI na 2025, inda suka lura da magina 16 da ba su da horo a wannan fanni suna aiki da mataimaki. Abubuwa uku suka gano: maginan ba sa roƙon mataimakin ya kula da masu buƙata ta musamman, suna barin guraben da ya ajiye musu don su cike da kansu, kamar bayanin hoto, sannan ba su san yadda za su tabbatar aikin ya cika ƙa'ida ba. Matakan da ke tafe amsa ce ga waɗannan giɓɓa uku.

5.0 Matakai Huɗu na Jan Linzami

5.1 Dokar Gida

Mataimakin ba ya riƙe abin da aka faɗa masa jiya sai an rubuta masa. Shi ya sa kowannensu ke da fayil ɗin da yake karantawa kafin ya fara aiki: copilot-instructions.md a wurin Copilot, CLAUDE.md a wurin Claude Code, wasu da dama kuma sun haɗu a kan AGENTS.md. Nan ne wurin kafa doka sau ɗaya, ta bi kowane aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A rubuta "ka kula da naƙasassu" ba ya wadatarwa, domin mataimakin zai amsa da to, ya liƙa ARIA biyu ya wuce. Dokar da ke ci ita ce wadda za a iya dubawa a ce an bi ko ba a bi ba. Ga ma'anar irin layukan da suka kamata:

i. Duk kod ɗin fuskar shafi ya cika WCAG 2.2 a matakin AA.
ii. Abin dannawa ya zama button, abin da ke kai mutum wani shafi ya zama mahaɗi. Kada a ɗora dannawa a kan div.
iii. Kowane gurbin fom ya samu label da ake gani; rubutun cikin gurbi mai ɓacewa da an fara rubutu ba ya maye gurbinsa.
iv. Kada a goge zoben da ke nuna inda Tab ya tsaya, sai an sa wanda ya fi shi fitowa.
v. Kanun shafi su bi jeri, babba ɗaya, ƙanana a ƙarƙashinsa.
vi. Idan ba ka san abin da hoto ke nunawa ba, ka tsaya ka tambaya. Kada ka rubuta "hoto".
vii. Taga mai tasowa da jerin zaɓi a ɗauko su daga alamar dialog ko ɗakunan kod da aka riga aka gwada, irin su React Aria, kada a ƙirƙiro sabo.

Layi na shida yana da muhimmanci fiye da yadda yake a ido. Mataimakin ba ya son barin gurbi fanko, zai cike shi da duk abin da ya samu, kuma na'urar gwaji za ta ga akwai rubutu ta ce lafiya lau.

5.2 Umarnin da Ke Bayyana Mutum

Doka ta gida shimfiɗa ce, kowane aiki kuma da nasa umarnin. A kwatanta waɗannan biyu. Na farko: "Gina mini fom ɗin rajista mai kyau, da suna da lambar waya da kalmar sirri." Abin da kan biyo baya shi ne fom mai sheƙi, sunayen guraben suna ciki da toka-tokan launi, kuskure kuma jan layi ne kawai a gefen gurbi. Wannan tokar da masu zane ke so, mai lamba 999999, bambancinta da farin bango bai kai 3 bisa 1 ba. Sai an duhunta ta zuwa wajen 767676 take haye 4.5.

Na biyu: "Gina fom ɗin rajista. Wanda ke amfani da madannai kaɗai ya iya cike shi daga farko har ƙarshe. In ya yi kuskure, a rubuta kuskuren da kalmomi a ƙasan gurbin, a haɗa su yadda manhajar karanta allo za ta karanta su tare, a kuma mayar da shi gurbin farko da ya kuskure. A bar shi ya liƙa kalmar sirri daga inda ya ajiye ta. In rajista ta yi, a sanar da shi ta yadda zai ji." Mataimakin ɗaya ne, amma na biyun ya sa masa mutum a gabansa, kuma kowace jimla ta zama abin da za a gwada daga baya.

Wurare biyu ne suka fi buƙatar irin wannan dalla-dalla. Ɗaya ita ce taga mai tasowa: in ta buɗe, Tab ya koma cikinta, kada ya zille zuwa shafin da ke bayanta, madannin Esc ya rufe ta, in ta rufe kuma mutum ya koma kan maɓallin da ya buɗe ta. Ɗayan shi ne manhajojin da ake ginawa da React da ire-irensa, inda shafi ke sauya abin da ke cikinsa ba tare da burauza ta sake lodawa ba. Mai ido ya ga an koma sabon shafi, makaho kuwa shiru yake ji, sai an umarci mataimakin ya sauya taken shafin ya kuma kai mai amfani kan sabon kanu.

Yana da kyau a riƙa ba shi aiki kaɗan-kaɗan, sannan a ce ya lissafo inda yake shakka. Fom ɗaya ana iya karanta kod ɗinsa. Manhaja sukutum da aka zubo a tashi ɗaya ba mai bin ta layi-layi.

5.3 A Sa Na'ura Ta Duba Na'ura

Mataimakin zai iya cewa aikinsa ya cika ƙa'ida, da cikakken ƙarfin gwiwa, alhali bai cika ba. Maganarsa ba shaida ba ce. Abin farin ciki shi ne sababbin mataimaka suna iya gudanar da gwaji da kansu su karanta sakamako. Akwai eslint-plugin-jsx-a11y mai kama kuskure tun ana rubutu, akwai axe-core na kamfanin Deque da Lighthouse na Google masu duba shafin da ya riga ya buɗe, akwai kuma Playwright da za a iya sa shi ya danna Tab da Esc ya ga inda aka tsaya. Sai a rubuta a dokar gida cewa aiki bai ƙare ba sai gwaji ya fita babu kuskure, kuma an hana kashe wata ƙa'idar gwajin don a samu wucewa. Wannan hani na ƙarshe ya zama dole, domin mataimakin da aka matsa wa ya kawo sakamako mai kyau yakan nemi hanya mafi sauƙi.

Sai dai na'ura tana da iyaka. A 2017 sashen kula da ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya gina wani shafi da gangan, ya cusa masa kurakurai fiye da 140, ya saki manhajojin gwaji a kansa. Wadda ta fi ƙwazo a cikinsu kusan kashi 40 cikin ɗari kawai ta kama. Na'ura za ta ga hoto yana da bayani, amma ba za ta san ko bayanin gaskiya ne ba.

Masu neman gajeriyar hanya ma sun ga darasi. Wasu kamfanoni suna sayar da layin kod guda da suke cewa in an liƙa shi a shafi, ƙirƙirarriyar basira za ta gyara komai. A watan Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sanar cewa ɗaya daga cikinsu, accessiBe, zai biya dala miliyan ɗaya saboda iƙirarin da hukumar ta ce yaudara ce.

5.4 Hannun Mutum

Gwajin da ya fi kowanne arha shi ne a ture ɓeran kwamfuta gefe. Magini ya ɗora yatsa a kan Tab ya bi shafin daga sama: yana ganin inda ya tsaya? Jerin yana tafiya yadda hankali zai ɗauka? Akwai inda ya shiga ya kasa fita? Daga nan ya kunna NVDA ko TalkBack, ya kau da ido daga allo, ya yi ƙoƙarin cike fom ɗin da kunnensa. Minti goma na wannan kan fallasa abin da rahoto mai shafi goma bai nuna ba. Duk abin da ya gano kuma ya mayar wa mataimakin, ya ƙara shi a dokar gida don kada a sake.

Duk da haka, mai ido da ya rufe ido na minti goma bai zama makaho ba. Waɗanda suka yi shekaru suna aiki da waɗannan manhajoji suna da saurinsu da dabarunsu, su ne kuma za su ce shafi yana biyan buƙata ko wahala kawai yake ba su. A gayyace su tun aiki yana tsakiya, kuma a biya su ladan lokacinsu kamar kowane ƙwararre.

6.0 Idan Shafin na Hausa Ne

Mataimakin kan fara kowane shafi da alamar da ke cewa harshensa Turanci ne, domin haka ya saba gani. In rubutun Hausa ne, sai an ce masa ya sa lambar harshen, wato ha, in kuma an gauraya da Turanci ko Larabci a cikin shafi, kowane yanki ya ɗauki tasa lambar. Da wannan alama ce manhajar karanta allo da burauza ke sanin harshen da suke hulɗa da shi.

Sai haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ba kowane zanen haruffa ke ɗauke da su ba. In mataimakin ya zaɓo wanda ba shi da su, burauza za ta aro su daga wani zane su fito bambaraƙwai a tsakiyar kalma, ko su fito akwati fanko. Haka kuma in ya rubuta kod ɗin tantance suna da ke karɓar haruffan Turanci kawai, Ɗanladi da Ɓaidu ba za su iya rubuta sunansu daidai ba. Shafin ajami kuwa yana buƙatar alamar da ke juya rubutu daga dama zuwa hagu.

Akwai kuma yanayin wurin. Yawancin masu karatu a ƙasar Hausa da waya suke shiga intanet, sau da yawa ƙarama, a tsakar rana, da data ta ƙididdiga. Rubutu mai dushi-dushi da ke wahalar da mai raunin gani shi ne dai ke ɓacewa ga mai lafiyar ido a rana tsaka a kasuwar Kurmi. Gyara ɗaya ya wadatar da su duka.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mataimakin rubuta kod ya san ƙa'idojin gina shafi mai sauƙin amfani ga kowa, amma ba ya fito da su sai an nema, kuma ba ya iya zama shaidar aikinsa. Nauyin yana nan a wuyan wanda ya ba da umarni, ya karɓi kod, ya ɗora shi a intanet, shi ne kuma kotu za ta kira in ta kai ga haka.

Saboda haka ana kira ga sassan koyar da kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha da cibiyoyin horar da matasa su sa WCAG da gwajin madannai a cikin darasin farko na gina shafi, tun kafin a miƙa wa ɗalibi mataimaki. Hukumomi da bankuna da ke ba da kwangilar shafi su rubuta matakin AA a cikin takardar yarjejeniya, kada su biya kuɗin ƙarshe sai masu buƙata ta musamman sun gwada aikin. Kowane magini da ya karanta wannan maƙala kuma, in ya koma bakin aikinsa, ya buɗe shafin da mataimakinsa ya gina masa na baya-bayan nan, ya ajiye ɓeran kwamfuta, ya bi shi da Tab daga farko har ƙarshe.